Matata Ta Bi Sawun Sa Hannun Mamaci da Sabuwar Tawada

Uwargida Pask,

Ina roƙon ki taimaka mini, domin tunani ya gajiyar da ni. Duk wanda zan kai wa maganar nan a Sheffield, ko dai ya yi mini dariya ko ya yi mini jaje, ni kuwa ba na bukatar ko ɗaya.

Na yi ritaya daga aikin duba ingancin ƙarfe, aikin da ya koya mini cewa abu ko na asali ne ko ba na asali ba ne, babu tsaka-tsaki. Tun ina saurayi nake tara kayan Marrowgate, mashahuran mawaƙan rok ɗin nan: tikiti, fosta, sandunan ganga. Matata Beryl tarkace take kiransu, kalmar da ban taɓa amincewa da ita ba. Mafi daraja a cikinsu shi ne kwalin faifansu na farko, mai ɗauke da sa hannun dukansu huɗu, wanda na samu da kaina a ƙofar bayan zauren wasa. Makaɗin gangarsu, Dougie Thwaite, da wani biro mai ƙarancin tawada ya sa nasa, saboda haka sunansa ya yi ta koɗewa, duk da cewa a akwati nake ajiye kwalin, cikin duhu, ba na taɓa shi sai da safar hannu. Dougie ya rasu bara.

Na sha yin ƙorafin koɗewar nan a kan teburin abinci, wataƙila fiye da kima. Ranar da na cika saba'in, Beryl ta miƙo mini kwalin a cikin firam tana murmushi. Ashe baƙar maka ta samu, alƙalamin nan mai kaurin baki, ta bi sawun sunan Dougie harafi bayan harafi. Ta ce, “Ga Dougie ɗinka nan na dawo maka da shi, tsoho, sai ka bar mu mu ci abinci lafiya.” Daga baya na ji ta yi makonni tana gwaji a bayan tsofaffin ambulan, saboda hannunta yana rawa.

Wanda ba ya wannan harka ba zai gane ba. A wurinmu, sa hannun da ya koɗe har da ƙyar ake ganinsa, sa hannu ne. Wanda aka bi ta kansa kuwa ya tashi daga aiki. Clive, sakataren ƙungiyarmu ta masu tara kayan, ya duba shi a mashayar da muke haɗuwa, ya ce, “Ina taya ka murna, mutumina, ban san Beryl ta taɓa kaɗa wa Marrowgate ganga ba.”

Ban ɗaga mata murya ba. Ba halina ba ne. Na dai yi mata bayani a tsanake, da misalai, kan abin da ta lalata, sannan na sa wa ɗakin kayan kwaɗo. Ta wanke kofunan shayi, ta ɗauki jakarta, ta tafi gidan ƙanwarta a Scarborough. Ta ce ba fushi ba ne, gajiya ce. Muna waya, amma zancen ruwan sama kawai muke yi. Ina son ta dawo. Sai dai ba zan iya ce mata abin bai dame ni ba, domin ƙarya ce, kuma ban saba ba. Yaya zan yi?

Tsohon Mai Duba Ƙarfe

*

Malam Mai Duba Ƙarfe,

Asararka ta gaske ce, ba zan rage mata nauyi ba. Abin da ka yi shekaru kana kiyayewa ya canza, kuma ya kamata Beryl ta tambaye ka kafin ta taɓa. Kada kuma wani ya ruɗe ka da maganin goge sabuwar tawadar. Zai iya tafiya da biron Dougie da ke ƙasa, ka tashi babu ko ɗaya. Bar kwalin yadda yake.

Amma ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Gaskiya biyu ce a hannunka: abin ya yi maka ciwo, kuma kana son matarka ta dawo. Ta farko ka gaya mata har da misalai. Ta biyu kuwa ni ka gaya wa, baƙuwa a jarida.

Ina kyautata zaton ba bayanin ne ya kore ta ba, ai ta saba da shi. Kwaɗon ne. Mace mai rawar hannu ta zauna tana koyon rubutun wani ƙato don ta faranta maka, ka saka mata da kulle ɗaki a cikin gidanta kamar ɓarauniya. Cire shi yau. Clive kuwa ƙyale shi ya yi dariyarsa, ba shi zai zauna da kai a gidan ba.

Wannan ba maganar waya ba ce. Hau jirgin ƙasa ka je Scarborough. Ka ce mata abin ya yi maka ciwo, a taƙaice. Ka ce kwaɗon laifinka ne, kuma gidan ya yi maka faɗi. Daga nan sai ka yi shiru ka saurare ta, ko da ta faɗi wata shekara ba daidai ba, kada ka gyara mata. Idan ba ta biyo ka a ranar ba, kada ka kawo hujja. Ka tambaye ta yaushe za ka sake zuwa.

Ina yi muku fatan alheri, kai da ita.

Winifred Pask