Maganin Baffa da Idon Ni'ima

Kasuwar Muda Lawal,
Bauchi.

Zuwa ga ƙanwata Radiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdulhamid da yara, a can Ibadan. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya jiƙan Yaya Mudathir, Ya sa can ta fi masa nan. Mu dai ga mu nan. Inna tana cin abinci idan an ajiye mata, idan ba a ajiye ba ba ta tambaya. Matar Yaya, Yagana, tana cikin takaba. Ni kuma in buɗe shago, in auna yadi, in rufe. Har yau ban yi kuka ba. Na jira, bai zo ba, na ci gaba da harkata.

Labarin zamanki Farfesa ya iso mu, Allah Ya sanya alheri. Ya kamata a ce na yanka rago, to ya zo a lokacin da ko daɗi ba ya shiga jiki. Amma na tuna hanyar. Kin gama karatun likita muka ce shi ke nan, za a buɗe asibiti a GRA mu huta. Sai kika ce hanta za ki karanta, kika tafi Masar. Kika dawo kika ce saura digiri na uku, a kan magungunan da ke lalata hanta. Yanzu kuma ga ki a kwamitin da ke auna magani kafin a bari ya shiga hannun mutane. 'Yan layinmu sun tambaye ni mene ne aikin naki, na ce musu irin nawa ne: a kawo miki kaya ana rantsuwa mai kyau ne, ke kuma ki jiƙa gefe ki ga ko yana zuba. Sai dai ni idan na yi kuskure riga ce ta koɗe.

Ban kira ki a waya ba don a gida Inna tana gefe, a kasuwa kuma kowane bango da kunne. Direbanmu Job, mai ɗauko mana kaya daga Legas, shi zai kawo miki wannan, tare da wata 'yar jarka. Kada yara su taɓa ta. Ga labarinta.

Kin tuna lokacin da cikin Yaya ya kumbura, kika ja mini kunne cewa kada a ba shi komai sai abin da asibiti ya rubuta, don hantar da ta rage masa ba za ta ɗauki gwaje-gwaje ba. Faɗa a waya da sauƙi. Kin san dubiya a garin nan: ba mai zuwa hannu sake, kowa da jiƙonsa da sassaƙensa da labarin wanda ya sha ya miƙe. Na sauran mutane ban sha wahala ba, in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in zubar a kwata. To sai ga Baffa Hammadu daga Zungur da jarkarsa. Ƙanen mahaifinmu, wanda ya yanka mana ragon suna, ya ce da kansa ya shiga daji ya haƙo saiwar, da wannan gwiwar tasa mai ciwo. Wa zai dubi idonsa ya ce ya koma da abinsa? Inna kuwa ta ce idan ba a ba ɗanta ba, ita ba ta haife mu ba.

Sai na yi irin ta 'yan kasuwa. Na ce ni zan riƙa ba shi. Na juye maganin, na dafa baƙin shayi ba sukari har ya yi ɗaci, na cika jarkar. Launi ɗaya. Yaya ya gane tun kurɓar farko, ya dube ni, ya yamutsa fuska don Inna ta gani, ya ce lallai wannan magani ne. Haka muka yi ta yi. Ana cikin haka asibiti suka zuƙe masa ruwan cikin, ya samu sauƙi, har ya fita masallaci da ƙafarsa. Ba wanda ya ce asibiti. Kowa Baffa. Da jikin ya sake rikicewa ya rasu, sai aka ce kwana ne ya ƙare, amma magani ya yi aikinsa, kowa ya gani. Da kika zo ta'aziyya ban faɗa miki ba, a ganina magana ta wuce.

Ba ta wuce ba. Gwajin da kika ce a yi wa duk gidan, an yi. Kowa ya fita sai Ni'ima, babbar 'yar Yaya, an sami ƙwayar cutar hantar ubanta a jininta. Likitan ya ce hantarta lafiya lau take tukuna, a riƙa kawo ta ana dubawa, kada ta sha kowane magani. Baffa na jin haka ya ce a ba shi jikarsa, abin da ya tashi uba zai tashi 'ya. Inna ta haɗa mata kaya. Yanzu Ni'ima tana Zungur, tana shan na gaskiyar safe da yamma, Baffa na tsaye a kanta har ta shanye. Can ba ni da tukunyar shayi.

Ranar Juma'a na je. Ta rame, ta ce abinci ba ya mata daɗi, tashin zuciya take ji. Na ja ta rana kamar zan nuna mata atamfar da na kai mata, na duba idonta. Farin ya soma komawa ruwan ɗorawa. Ni ba likita ba ne, amma na yi wata da watanni ina kallon idon ubanta. Na nuna wa Baffa, ya yi murna, ya ce ciwon ne yake fita. Na ce to zan tafi da ita asibiti a duba, ya ce ba a katse magani a tsakiya, ko ban yarda da shi ba ne? Na tsaya a tsakar gidan nan ina jin kaina kamar buhun da aka jingine. Ban ji tsoro ba, ban ji haushi ba. Lissafi kawai nake yi.

Idan na ce shayi Yaya ya sha, Inna za ta ce ni na hana ɗanta magani ya mutu, ta tafi kabari da wannan. Baffa kuma zai ce ai shi ya sa, ya ƙara wa yarinyar kofi. Idan ke kika kira kika ce maganinsa guba ne, zai ce boko ya sa kin raina na gaba, ya kashe wayar. Tsoho irin Baffa ba a karɓar abu a hannunsa da ƙarfi, da girma ake saye.

Don haka na riga na yi miki ciniki, ki yi haƙuri. Na ce masa labarin maganinsa ya kai jami'a, Farfesa da kanta ta roƙi a aiko mata ta auna. Ga shi nan a jarkar, shi ya cika ta da hannunsa, har da addu'a. Saura naki. Ki kira shi, ki gaishe shi da kyau, ki tambayi gwiwarsa da shanunsa. Ki ce a ƙa'idar aikinku, maganin da ake aunawa ba mai sha sai an gama, kuma wadda ta riga ta sha dole a kawo ta Bauchi a ɗebi jininta. Ni ban ga ƙarya a nan ba, don na san aunawar za ki yi, kuma ina so in san mene ne a ciki. Ki gaya mini gwajin da za a yi mata da likitan da zan nema. Kada ki yi masa dogon Turanci, kada kuma ki yi dariya idan ya tambaya ko za a sa sunansa a littafi.

Ki gaida Abdulhamid, ki shafa mini kan Fakhruddeen da ƙannensa. Inna tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ta yi alfahari. Yagana da matata Habibatu suna gaisuwa. Baffa ma yana gaishe ki; ya ba da wayarsa an yi mata caji a bakin titi, yana yawo da ita a aljihun gaba.

Job zai iso gare ki Talata. Kada ki jira sakamakon ɗakin gwaji kafin ki kira, yarinyar tana sha ne kullum. Na bar wa maƙwabcina makullin shago, motata kuma na cika mata mai. Kina ajiye waya ki sanar da ni, zan kama hanyar Zungur.

Wassalam.

Yayanki,
Ashiru