Hancin Yaya Aƙilu

Kafin Dafga, Karaye

Zuwa ga Yaya Bushra,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jaririya Sa'adiya da maigidanki da duk mutanen Fulatan. Ya wankan jego? Inno tana gaishe ki.

Labarin yayanmu Aƙilu zan ba ki. Kin san yadda kansa ya kumbura tun da ya zama wakilin dagaci. Makon jiya ya ture tuwon da matarsa Maijidda ta kai masa, wai ta daina sa daddawa a miya, alhali ni tun daga zaure nake jin warinta. Washegari ya juye rabin kwalbar turare a riga, yana zagin mai turaren wai ruwa ya sayar masa. Duk wanda ya matso kusa da shi kuwa sai ya yi atishawa.

Na ce masa daina jin ƙamshi yana cikin alamomin korona. Ya yi mini kallon banza. Wai shi ma yana jin rediyo, an ce yawancin manyan da suka kamu zazzaɓi suke yi da tari da kasala, masu rasa jin ƙamshi ba su kai su yawa ba. Shi kuma a duk zaman da ake yi a ƙofar dagaci, maganar masu rinjaye ake ɗauka. Tunda ba zazzaɓi, ba tari, an yanke hukunci, lafiyarsa ƙalau. A tunanin wannan babban masanin, cuta ma sai ta jira an ɗaga hannu an ƙirga.

Da kansa kaɗai zai cuta da ban ɓata biro ba. Amma kullum da safe sai ya shiga ɗakin Inno ya durƙusa dab da ita, ta dafa kansa, su sha fura da ludayi ɗaya. Kin san ƙirjinta ba ƙwari. Na roƙe shi ya riƙa gaishe ta daga bakin ƙofa, ya ce shi ba baƙo ba ne a ɗakin uwarsa. Inno kuma, kamar kullum, bayansa ta bi. Ina jin tsoro, Yaya.

Taki ƙanwa,
Zakiyya

Zuwa ga Yaya Bushra,

Sallama da gaisuwa, da fatan kina ƙara jin ƙarfin jiki. A shafa mini kan Sa'adiya.

Inno ta kwanta. Jikinta zafi kamar garwashi, ga busasshen tari, ko buta ba ta iya ɗagawa. Duk alamomin da Yaya Aƙilu ya haddace sun taru a jikinta. Na zaci yanzu kam zai yarda, tunda ga masu rinjayen nasa sun zo. Ina! Wai zazzaɓin damina ne, kowa yana yi. Da na ce a kai ta asibiti a Karaye, sai ya ce in aka ji korona a gidan wakili, wa zai ƙara ba shi hannu a masallaci. Abin da ya dame shi ke nan, musabaha.

Kada ki taso da ɗanyen jego. Ki dai matsa masa ta bakin maigidanki, ko kunyar suruki ta yi aiki.

Taki ƙanwa,
Zakiyya

Zuwa ga Yaya Bushra,

Sallama, da fatan Allah ya ƙara miki haƙuri. Ya muka ji da rashin Inno? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Sai da numfashinta ya fara sarƙewa sannan Yaya Aƙilu ya yarda aka nemo mota. A hanya Inno ta cika, kanta a cinyata. A wajen makoki ya zauna a tsakiyar tabarma yana karɓar gaisuwa, yana gaya wa kowa kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma ni na ga ludayin.

Jiya Maijidda ta ja ni gefe ta ce hancin mijinta ya buɗe. Shi da bakinsa ya gaya mata, yana kuka. Ban tausaya masa ba, Allah ya yafe mini. Ta ce lokacin da ya sunkuya zai ɗauki makara ne. Abu na farko da ya ji ƙamshinsa bayan duk makonnin nan shi ne turaren likkafanin Inno.

Taki ƙanwa,
Zakiyya