Fuskar Agogon Surukina

Anti, ki agaza mini da shawara kafin wata ya ƙare, don in ya ƙare aikin gama ya gama.

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin agogunan hannu. Ɗan shago gare ni, kanta ɗaya ta gilashi, sai madubin da nake maƙalawa a ido in leƙa cikinsu. Na yi boko daidai gwargwado, amma kasuwa ce ta ƙarasa ni. Na iya yabon kaya in zan sayar, na iya kushe su in zan saya, kuma dangin matata sun san haka.

Surukina tsohon ma'aikacin jinya ne. Yana da wani agogo da na ƙyalla ido a kai tun ranar da na fara zuwa gaishe shi. Har yau uwargida tana mini gori wai hannun babanta na fi kallo a ranar. Irin mai maɓalli biyu a gefe ne, ka danna allura ta tashi, ka sake dannawa ta tsaya. Irinsa suna nan a kasuwa. Fuskarsa ce daban. 'Yan'uwansa lambobin auna gudun mota aka zagaye musu a baki, shi kuwa na ƙirga bugun zuciya ne, waɗanda aka buga kaɗan don masu aikin asibiti aka daina. Ga shi shekaru sun mayar da baƙinta ruwan ƙasa, kamar shayin da aka ɗiga wa madara. A wurinmu wannan koɗewar ita ce kyan. Masu tara agogo sukan tsufa suna cigiyar irinta. Ni kaina a hoto na san ta kafin in gan ta a hannun Baba.

To yanzu idon Baba ya yi rauni. Sai ya kai agogon har hancinsa, ya juya shi wajen taga, ƙarshe ya tambayi na kusa ƙarfe nawa. Shi ne yayan matata ya tara ƙannensa, suka shirya a ƙarshen wata za su kai agogon babban wurin gyara, a sa masa sabuwar fuska fara tas, a goge jikinsa ya yi ƙyalli, su ba Baba mamaki. Na san aikin irin wuraren nan. Tsohuwar fuska in ta fita ba kasafai take dawowa ba, sabuwar kuma gama-gari ce.

Na yi magana a falo kowa na zaune, ban da Baba. Sai dai da bakin kasuwa na yi ta, na ce kada a taɓa shi, a kawo mini shago in duba tukuna. Yaya ya yi murmushi ya ce shi dai bai taɓa jin an ba kura ajiyar nama ba. Aka yi dariya, ni ma na taya. A mota ne uwargida ta tambaye ni, tsakani da Allah, ko akwai wanda na riga na yi wa alkawarinsa. Wannan ta fi ta yaya zafi. Babu kowa, Anti. Ban ce raina bai biya ba, mai ido ne ni. Amma ko kyauta aka ba ni ba zan sayar ba. In na yi shiru a lalata abin da ba a sake yin irinsa. In na ƙara magana in zama ɓarawo a idon matata. Ina zan sa kaina?

Dillalin da ba a yarda da shi ba

Malam dillali,

Gaskiyarka game da agogon, amma yayan ma da tasa. Mutumin da aka sani da kushe kaya don ya saya da araha, in ya ce a kawo masa abu shago, kowa zai ɗaga gira. Kuma kai fuskar agogo kake kallo, su kuwa mahaifinsu suke kallo yana laluben lokaci.

Abin da na lura, duk cikinku babu wanda ya tambayi mai agogon. Fara da uwargida. Gaya mata, sannan ka maimaita a gaban yayanta, cewa ba za ka saya ba, ba za ka yi dillancinsa ba, ba zai kwana a shagonka ba. Daga nan ka roƙi yaya ya haƙura da batun ba da mamaki, ku je wurin Baba tare. Ka bar hannunka a aljihu. Ka tambaye shi lambobin nan na baki me yake yi da su a asibiti, ka bar shi ya ba da labari. Mai yiwuwa bai san sabuwar fuska ba za ta zo da su ba.

Kana da kanta cike da agoguna. Zaɓi mai manyan lambobi ka kai masa kyauta, a kuma kai shi a duba idon, wataƙila tabarau ya raba gardamar. In duk da haka ya ce a canja, nasa ne. Sai a yi sharaɗi da mai gyara ya dawo da tsohuwar fuskar, kada kuma ya goge jikin, yaya ya zaɓi wurin, shi ya ajiye ta.

Matar da ta tambaye ka ido da ido ba ta yanke maka hukunci ba, so take ta yarda da kai. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da hasken ido, ya sa ta ga a aikinka abin da bakinka ya kasa gamsar da ita.