Awa Biyu a Tsibirin Kawu

3 ga Nuwamba

Zuwa ga maigidana Kalsong,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinka, ina fatan kana lafiya, kuma ciwon bayan nan na ɗaukar faranti ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ka. Ƙanwarka Touliu ta ce takalmin da ka aiko ya yi mata kaɗan.

Saƙonka na waya ya iso, layi uku kamar kullum. Jirgin ruwanku na 'yan yawon buɗe ido zai tsaya birnin Vila ranar ashirin da shida, da yara goma sha huɗu 'yan Brisbane da suka gama sakandare, suna yawon murna, kuma kai aka ba rakiyarsu in an sauka. Ka ce in tsara musu yinin. Kalsong, wata bakwai rabona da fuskarka, amma ka rubuto "ki tsara" kamar mai sallahun gishiri. Na dai tsara, sai da na yaga takarda huɗu.

Bas zai ɗauke ku a tasha takwas da rabi. Ban sa kasuwa ba, don in 'yan matan suka zauna gaban masu kitso, ba mai tayar da su kafin rana ta yi tsaka. Ban da giya kuma. Madam Petrakis, uwar ɗayansu da ke jagorantar tafiyar, ta rubuto min haka har sau uku. Akwai wata Bronte da ba ta cin kifi, zan gasa mata laplap na kaza daban, wainar rogon nan tamu ta cikin ganyen ayaba. Akwai wani Lachlan da bai iya ruwa ba, kuma ba ya so abokansa su sani. Zan ce dokar kwalekwale ce kowa ya sa rigar ceto.

Ga abin da nake so ka lura da shi: ba za ku shiga ƙauye ba. In ka taka garin nan na rasa ka. Mama, gwaggonninka, dattawan coci, kowa yana da haƙƙi a kanka kafin a zo kaina. Daga bas sai bakin ruwa, daga nan kwalekwale zuwa ƙaramin tsibirin Kawu Manusake. Daga ƙarfe sha ɗaya zuwa ɗaya ruwa yana cika, yaran za su shiga kallon murjani da kunkuru tare da Touliu. Awa biyun nan tamu ce. Akwai wata bishiya a bayan tsibirin da reshenta ya kwanta har kan yashi. Can nake so ka dube ni ka faɗa min da bakinka cewa in kwantiraginka ya ƙare a Janairu ka dawo gida ke nan, yadda ka yi alkawari.

Na san za ka ce littattafan soyayya sun cika min kai. To, su ne ke zama da ni a ɗakin nan. Guda tara na sayo na hannu, danshi duk ya kumbura su.

Ka huta lafiya.
Matarka mai ƙaunarka,
Leinase

14 ga Nuwamba

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya teku? Allah ya sa kana cin abinci a zaune.

Na yi ɓarna, kuma kai kaɗai za ka iya gyara ta. Jiya na je wurin Kawu neman izinin tsibiri. Na ɗauki sabuwar tabarma yadda Mama ta ce. A hanya na ga ana sayar da saiwar kava, wadda maza ke jiƙawa su sha, babba, mai nauyi, sai na ce bari in haɗa, don kada tsohon ya ga na yi rowa ya hana. Na durƙusa na ajiye duka biyun a gabansa.

Ya daɗe yana juya saiwar. Ya ce, "Amarya, wannan fa daga wa?"

Na ce, "Daga ɗanka Kalsong, Kawu."

Ya ce, "Madalla. Ashe turaren Turawa bai mantar da shi mu ba."

Na fito ina murna. Touliu kuwa ta riƙe ciki tana dariya har ta zauna a kan hanya. Ta ce, "Matar Yaya, 'yar birni! Tabarma roƙon izini ce, kava kira ne. Kin je kin ce Yaya yana gayyatar mazan dangi zama. Ko littafin naki bai kawo wannan babi ba?"

Ina zan sani? A Vila na tashi, gidan malamin makaranta wanda ko ƙwaryar kava bai taɓa riƙewa ba. Na ce a koma a karɓo, ta ce sai dai in ina so a kai ni gaban sarki da laifin cin mutunci. Ni mace ce, kuma suruka, ba ni da bakin janye kiran da aka yi da sunanka. Kai kana da shi. Ka buga wa Kawu waya, ka ce a bakin aiki za ka zo, gaisuwar minti goma za ka iya, zaman kuma a bari sai Janairu. Saura kwana goma sha biyu. Don Allah, Kalsong.

Taka har kullum,
Leinase

28 ga Nuwamba

Kalsong,

Ina gaishe ka. Ina fatan kun koma Brisbane lafiya, yaran kuma ƙunar rana ta yi musu sauƙi.

Da ka sauko daga bas ka miƙo min hannu kamar fasto a ƙofar coci, na ce kunyar yara ce. Da na ga kwalekwale uku a bakin ruwa maimakon ɗaya, da alade a ɗaure, da Mama cikin rigar Lahadi, na gane ba ka buga wayar ba. Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Amma kwana goma sha biyu ka yi da waya a aljihu.

Mata suka janye Touliu wurin girki, don haka ni na shiga ruwa da yara goma sha huɗu, sanye da rigar da na ɗinka dominka. Lachlan ya riƙe min hannu har sai da shaidar farcensa ta fito a fatata. Duk sa'ad da na ɗago kai, ina hango ku ƙarƙashin bishiyar nan, maza zalla, inda mace ba ta matsawa. Ko kavar ba ka sha ba, saboda aiki. Ƙwaryar kawai ka riƙe awa biyu kana ƙyalƙyala dariya.

Yaran sun ɗauka duk cikin tsari ne. Sun ɗauki hoton aladen, sun koyi rawa wurin gwaggonninka. Madam Petrakis ta rungume ni ta ce ba ta taɓa ganin shiri mai kyau haka ba.

Ina miƙa wa Bronte laplap ɗinta ta ce, "Anti, ke kam kin more miji! Ya ce mana daga Janairu jirgin Alaska zai koma, wata tara cur. Za ki bi shi ki ga ƙanƙara?"

Na ce, "Ci abincinki kafin ya huce, 'yar nan."

Daga baya na tambayi Touliu. Ta sunkuyar da kai, ba tsokana a wannan karon, ta faɗa min komai. Kawu ya sani, a zaman kuka faɗa. Mama ta sani tun Oktoba. Yarinya 'yar shekara sha takwas da ta san ka kwana biyar ita ma ta sani. Yanzu na gane cewa kavar nan ba ta raba ka da ni ba, mafaka ta ba ka. A ƙofar bas ka ce, "Lei, kin yi ƙoƙari," ka danƙa min cakulan da ya narke a jakarka.

Ban ce aikin ba shi da amfani ba. Rufin gidanmu daga shi ya fito. Da ka zauna da ni ka ce wata tara, da na yi kuka, mai yiwuwa in ce je ka. Ni ce zan yi zaman, amma ni kaɗai ba a tambaya ba.

Jiya na kwashe kayana na koma gidan Baba a Vila. Na faɗa wa Mama da kaina, ba ta hana ni ba. Jirginku zai sake tsayawa ranar tara ga Disamba, tsayawar ƙarshe kafin ka tafi. Daga tasha zuwa gidanmu tafiyar minti goma ce a ƙasa. Ina gida daga safe har ƙarfe biyar. Ban tsara komai ba.

Ka gaida abokan aiki.
Leinase