Injiniyan Dinawa

Zuwa ga Baba Mode, a Dinawa,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna Kaltume? Ruwan dam ɗin Goronyo ya iso ma albasa?

Ni lafiya lau nike a Ikko, ina karanta ma makafi littattafai a faifai. Sai dai sati ukku manhajar ɗaukar murya ta hana ni sakat. Na sake makirfo, na liƙa soso ga bango, amma muryata kamar daga rijiya. Maigidana na wurin aiki ya ce in ba ta gyaru ba, wani za a ba aikin. Kar ka gaya ma Inna.

Sai na tuna ranar da munka ɗauki labarinka da waya, ka ce, "Selina, mi na wahala? Mu shiga rumbu, dammunan gero na shanye amsa-kuwwa." Dariya na yi, ashe ilimi ne. Jiya na shige kwabar tufafi tsakanin zannuwana, gumi na zuba, murya ta fito tas. Maigidan ya tambaye ni wane injiniya ya koya mini. Na ce yana Dinawa, yana ban ruwa.

Allah shi ƙara girma.

Ɗiyarka,
Selina Andrawus