Jarkokin da ke bayan gadona

Talata, 1 ga Agusta, 2023

Allah Ya yafe mini, ba ƙarar kowa nake kaiwa ba. Na dai rasa wanda zan faɗa wa.

'Yata Mubina ta iso daga Zakka wankan jego, da jaririnta Tayyib. Tana sa ƙafa ɗakina ta toshe hanci da mayafi. "Inna, ɗaki ne ko gidan mai?" Na yi dariya, don ni ban ji komai ba. Tun zazzaɓin nan na shekarar korona hancina ya mutu, ko daddawa ko turare duk ɗaya. Shi ya sa da aka rufe kasuwanni jarin Malam ya karye, ya koma sayar da fetur a kwalba, ɗakina ya zaɓa wa jarkokin. Ya ce ke ba ya damun ki.

Juma'a, 4 ga Agusta

Yaron yana numfashi kamar ƙaramar mage. Mubina kuma ciwon kai. Na kasa zama, na share tsakar gida har ba abin sharewa.

Lahadi, 6 ga Agusta

Na tace wa Malam mai da sauran takunkuman da na ɗinka lokacin annoba. An rubuta sunayenmu a nan Batsari, wai za a ba mata jari su farfaɗo. Shiru. Masu tankokin da ke kawo man, na tabbata ba a bayan gadonsu yake kwana ba. Astagfirullah, ba hassada ba ce.

Laraba, 9 ga Agusta

Mun kai Tayyib asibiti. Malamar ta ɗaga shi, ta shinshina zanen goyon, ta dube ni. "Baba, da mai kuke yi masa wanka?" Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta ce maganin da zai fi kowane shi ne a raba shi da warin nan, yau ba gobe ba. Ta ce ni ma tarin da nake yi ba na tsufa ba ne.

Na faɗa wa Malam bayan la'asar, a hankali. Ya ce ina zai kai? Zaure, a sace. A gani a waje, a ce 'yan daji yake kai wa. Ɗakinsa kuma rufin yana yoyo. "Ke da kike kwana da shi shekara da shekaru, me ya same ki? Yaran yanzu ne da raki." Gaskiya man nan muke ci, tun ma da ya yi tsada. Amma.

Alhamis, 10 ga Agusta

Mun shimfiɗa wa yaron tabarma a rumfa, ruwa ya kore mu ciki. Mubina ta ce gara ta koma Zakka. A wannan hanyar, kan babur, da ɗanyen jego?

Litinin, 14 ga Agusta

Ranar Asabar ina miƙa wa Malam koko na ajiye kwanon, na riƙe kaina. Na ce hancina ya buɗe, warin zai kashe ni, ko ni ko jarkokin. Ya daɗe yana kallona, don bai taɓa jin na faɗi abin da ba haka ba. "Ikon Allah," ya ce. Kafin azahar shi da ƙanensa Salmanu sun haƙa rami a bayan rumbu, sun sa jarkokin ciki, sun rufe da kara.

Hancina bai buɗe ba.

Na aika wa Malamarmu ta islamiyya tambaya, ba da sunana ba, kan wadda ta yi ƙarya saboda numfashin jariri, ko akwai kaffara. Na ce a taimaka da amsa da wuri. Ba ta aiko ba. Ni ma ban aika tuni ba.

Tayyib ya sha nono sosai yau. Ɗazu Malam ya kawo mini turare daga kasuwa, na shinshina na ce akwai daɗi.