Wa Zai Shayar da Atiku

Wurma, ƙasar Kurfi,
20 ga Oktoba, 1958.

Zuwa ga malamata kuma yayata, Malama Rahamatu, a Dutsin-Ma.

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma muna nan cikin ikon Allah. Ki yi haƙuri da rubutuna, tun da kuka tashi aka rufe ajin Yaƙi da Jahilci na mata, ba ni da mai gyara mini.

Na san labari ya iske ki cewa Usaina, wadda muka zo duniya tare, ta rasu. Kwana huɗu ta yi bayan haihuwa, jini bai tsaya ba. Ta bar ɗa namiji, an sa masa Atiku. Ubansa Jibo makiyayi ne, da an gama kaka zai bi shanu kudu. Inno, uwar Jibo, kuwa ta tsufa, ko tsakuwa a cikin gero ba ta gani. Ranar suna aka duba cikin dangi, ni kaɗai ce mai nono, don saura wata biyu in yaye ɗiyata Ladi. Gogonmu ta ɗauko yaron ta aza mini a cinya, ta ce ga ɗanki. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaya ba zan ƙi ba. Kunnensa irin na Usaina ne sak.

Washegari Gogo ta goya Ladi ta tafi da ita Dabawa yaye. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta zaci unguwa za su.

Maigida ya amince a gaban jama'a, har ana sa masa albarka. Amma ke mace ce, Malama, kin san abin da nake nufi. Mutum ya yi kusan shekara biyu yana nesa da ɗakin matarsa saboda goyo, ya ga ƙarshen abin, sai a ce ya koma farko.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida maƙwabtanki.

Ni ce ɗalibarki,
Hasana.

Wurma,
17 ga Fabrairu, 1959.

Zuwa ga Malama Rahamatu.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina roƙonki ki karanta wannan ke kaɗai, in kin gama ki jefa ta a murhu. Abin da bakina ya kasa faɗi ne na ba alƙalami.

Malama, ina da ciki. Wata biyu ke nan ban ga al'ada ba, kuma ƙamshin daddawa yana tayar mini da zuciya, yadda ya yi mini a cikin Ladi. Maigida ya ce goyon da ba daga cikina ya fito ba bai hana shi ɗakina ba. Na ba shi haƙuri sati da sati, daga baya na rasa abin cewa.

Kin san abin da ake kira kwanika, ciki a kan goyo, kin kuma san abin da tsofaffi ke faɗi, cewa nonon mai ciki dafi ne ga jariri. Atiku wata huɗu gare shi. Kwana goma ke nan yana zawo, maɗigarsa ta ɗan faɗa. Duk lokacin da ya kama nono sai in ji kamar da hannuna nake kashe ɗan Usaina. In na hana shi kuma ya yi ta kuka har murya ta dushe, in sake ba shi. Na gwada kunu tsararo, ya amayar. Na gwada nonon akuya, zawon ya ƙaru. Shanu duk sun yi kudu, ko masu tallan nono sun daina shigowa.

Ba wanda ya sani sai ke. Ba na fita sai da izini, kuma in na ce zan je asibitin Dutsin-Ma dole a tambaye ni dalili. Don Allah ki tambayar mini malamin asibiti, ba tare da kin ambaci sunana ba, ko gaskiya ne nonon mai ciki yana kisa. Ki kuma saurara mini a unguwarku, ko akwai mai jegon da ɗanta ya koma, wadda za ta karɓi maraya. Allah ya yafe mini, har na kai ga sa rai da rashin wata.

Ki ba mai ɗauke da wannan takarda amsa, ki liƙe bakinta sosai.

Taki cikin damuwa,
Hasana.

Wurma,
24 ga Maris, 1959.

Zuwa ga yayata Malama Rahamatu.

Ina gaishe ki da azumi, ina gaida maigidanki da yara. Takardarki ta zo, da gwangwanin madara. Allah ya saka da alheri, ya ba ki ladan marayu. Madarar ta zauna masa, amma kwana tara ta yi ta ƙare, ko da nake tsinka ta da ruwa fiye da yadda kika rubuta.

Kin ce malamin asibiti ya ce nonon mai ciki ba dafi ba ne, sai dai yakan ƙafe. Rabin zuciyata ya yarda da farkon maganar. Ƙarshenta kuwa na gani da idona. Yanzu yaron yakan ja, ya ja, ya saki ya dube ni.

Asiri kuma ya tonu. Ungozoma ta shigo barka da shan ruwa, ta dubi wuyana sau ɗaya, ta ce Hasana an yi abin kunya da furfurar hankali. Ta sa na tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki, wai in ta mutu nonon ya ɓaci. Tururuwar ta fito da ƙyar tana jan ƙafa. Ungozoma ta ce ita ma tururuwar ta rasa hukuncin da za ta yanke. Matan suka yi dariya, ni ma na yi don kada in yi kuka. Yanzu in 'yan mata sun zo daka sai in ji ana saka kwanika a cikin waƙa. Shi maigida ba wanda ya yi masa waƙa.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Zana ɗaya ce ta raba mu da gidan Rabe, wan Jibo. Matarsa Kyauta ta haifi ɗiya, Kulu, kwana goma bayan Atiku, kuma nono gare ta har yana jiƙa mata zane. Amma ranar sunan Kulu, Rabe ya tashi a gaban liman ya ce ya ba Atiku ita, don zumuncinsu da shanunsu su zauna a gida ɗaya, aka shafa fatiha. Na aika a tambayi liman, ya ce ko sau ɗaya yaron ya sha nonon Kyauta, shi da Kulu sun zama wa da ƙanwa, aure ya haramta har abada. Na sa maigida ya roƙi Rabe. Rabe ya ce magana ce ya yi wa ƙanensa a gaban mutane, ba zai warware ta a bayan idonsa ba, a jira Jibo. Jibo kuwa an ce ya wuce Zariya, sai ruwan fari zai juyo. Wane jariri ne zai jira ruwan fari?

Maigida ya ce a kai yaron ruga wurin Inno, a haɗa su da akuya mai ɗa. Na san me ke nan, shi ma ya sani. Na ce ya ba ni zuwa sallah. Kyauta takan tsaya jikin zana ta tambaye ni ya jikin yaron, in ce da sauƙi, kowa ta koma aikinta.

Kin ce ba ki samu mai jego ba. Ki ƙara dubawa, Malama.

Taki,
Hasana.

Wurma,
15 ga Afrilu, 1959.

Zuwa ga Malama Rahamatu.

Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi ta lafiya. Ki daina neman mai jego, Atiku ya samu.

Ranar sallah da hantsi maza duk sun tafi idi. Yaron ya kwana biyu ba ya ko kuka, sai dai ya buɗe baki. Ungozoma da mata uku suna tsakar gidanmu, sai ga Kyauta da akushin tuwon sallah. Ta ajiye, ta dubi yaron a cinyata, ba ta ko gaishe mu ba. Ta kwance Kulu daga bayanta ta miƙa mini, ta ɗauki Atiku, ta zauna a kan turmi ta sa masa nono. Da farko bai da ƙarfin ja, sai ta tatsa masa a baki. Can muka ji yana haɗiya. Ungozoma ta riƙe baki tana salati. Kyauta ta ce mata ta buɗe ido da kyau, don ita za a kira shaida.

Da Rabe ya dawo ita da kanta ta gaya masa. Muna jin faɗansa ta zana, ya ce ta mai da shi ƙaramin mutum, ta sa ya ci amanar ƙanensa. Ta ce masa ita ba ta taɓa ganin an kai amarya kabari ba, in yana son suruki ya fara barinsa ya rayu. Ya tafi wurin liman da rigarsa ta sallah, liman ya ce aikin gama ya gama. Har yau ba ya cin tuwonta, amma bai kore ta ba, bai kuma ce a maido yaron ba. Abin da Jibo zai yi in ya dawo, ko ya bar shi ko ya ɗauke shi, Allah kaɗai ya sani.

Yanzu Atiku yana ɗakin Kyauta. Zawo ya tsaya, maɗiga ta ciko. Kwana biyu da komawarsa na leƙa in gan shi. Yana ganina ya saki nono ya miƙo hannu, ya yini bai yarda ya sha ba. Saboda haka ungozoma ta yanke cewa kada ya ƙara ganina, kada ya ji muryata, sai ya manta da ni. Na tambaye ta kwana nawa ke nan, ta ce yaro ne zai faɗa.

To ga ni nan, Malama. Zanar nan taku shida ce daga bakin ɗakina. In zan yi magana a tsakar gida sai in yi raɗa, in na yi daka ba na waƙa, tari ma ɗaki nake shiga in yi. Jiya da la'asar ina tankaɗe na ji Kyauta tana yi masa wasa, sai ya yi dariya, irin mai ƙarfin nan da ban taɓa jin ya yi ba. Sunansa ya zo mini har baki. Na cusa gefen zanena na cije, har suka shiga ɗaki.

Ki gaida kowa da kowa. In kin samu hali ki zo, ki shiga ki dubo mini shi, ki gaya mini yadda ya koma.

Ni ce taki har kullum,
Hasana.